Launin Makuba

Shekara talatin ina jima a Bagalam.
Fatar jar akuya ta cinye mini farce,
bagaruwa ta rine tafin hannuna, har yau bai washe ba.
Da gwiwa ta ƙi tsayuwar bakin rami
sai na koma bayan ɗaki na kafa akurki.
Idon da ya saba auna ja bai san murabus ba.

Mafarinta wata sagara ce,
baƙa, mai wuyan tagulla,
jikka biyu na biya a kasuwar Jiratawa.
Ƙwanta na fari da na tsinta a toka
kamar an tsoma shi a shayi an tsame da sauri.
Na juya shi a rana, na ce da sauran magana a wannan jini.

Zakara ba ya ƙwai, to da me za ka auna shi?
Sai ka je ka ga uwarsa.
Har Tibiri na bi wata tsohuwa gida,
na tsuguna bakin rumbunta ina jiran kaza ta tashi,
yara na leƙe, suna cewa tsoho ya taɓu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
A ragowar littafin lakwal na jikata
nake rubuta wace ce ƴar wace,
kowace da launin da ta kai:
shayi, ƙuli-ƙuli, dabino, tsamiya.
A ƙasan shafi na rubuta makuba,
na bar gabanta fili.
Farin kashi ya shigo wata damina, ya bar ni da uku.
Muzuru ya ɗauki ɗaya cikin ukun.

Barira ta ce, Malam, ɓawo ake ci?
Fasa ka gani, gwaiduwarsa da ta kazar maƙwabta
uwa ɗaya uba ɗaya.
Gaskiyarta. Na ci gaba da kwasar gara a kasko.
Mai shayin tasha kuwa maido mini ya yi:
masu saye sun ce rini ne,
sun san sana'ata ta da.

Saura kwana huɗu baje kolin dabbobi,
da hantsi, Ƴar Tagulla ta bakwai ta yi kyarkyara.
Na sa hannu cikin ƙaiƙayi.
Da ɗuminsa, da ɗanshinsa,
duhu kamar katangar da aka shafe jiya.
Ban kira kowa ba. Na zauna a turmi.

Can alƙalai fasawa suke, su ga ciki.
Nan ma fasa shi za a yi, amma daga ciki.
Dare biyu ina ɗaga shi ina ajewa.
Na uku, na tura shi ƙarƙashin durgu mai kwanci,
ta sare ni a yatsa, ta gyara zama.

Na kai musu masu launin tsamiya guda shida.
Tsahiru na Soura ya zo na ɗaya,
ni na uku: buhun dusa da takarda mai hatimi.
Barira ta liƙa ta inda katanga ta tsage.

Kwana ashirin da ɗaya, ɓawo ya rabu biyu.
Wata biyu, tukku ya fito ja.
Namiji ne.
Ba zai taɓa cike mini filin shafin nan da kansa ba.

Jiya Tsahiru ya yi sallama, yana son aron zakara,
ya zagaye shi, ya ɗaga fiffike, ya duba ƙafa,
ya ce, to da me zan auna shi?
Na shiga ɗaki na ɗauko gwangwanin madara,
na buɗe a hankali, na ɗaga auduga.
Ya daɗe yana kallon rabin ɓawo,
sannan ya jiƙa yatsa da miyau.
Na riƙe masa hannu.